Ya Ce “Good”, Ni Na Ce Mutumin Kirki

Bari in fara muku da abin dariya, domin abin da zai biyo baya ba na dariya ba ne.

Da Babbar Sallar da ta wuce an kawo wa Hajiyarmu jikanta daga Abuja, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ci tuwon shinkafa malmala ɗaya, Hajiya ta turo masa ta biyu tana cewa, “Maigida, ƙara mana, ko so kake a ce amaryarka ba ta iya girki ba?” Yaro ya ɗaga hannu ya ce, “I’m good.” Hajiya ta juyo ta dube mu ta ce, “Me angon nawa ya ce?” Ƙanwata, wadda ba ta raina abin tsokana, ta ce, “Hajiya, cewa ya yi shi mutumin kirki ne.” Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, “To wa ya ce masa mutumin banza ne? Ko mutanen kirki sun daina cin tuwo?”

Abin da yaron yake nufi shi ne ya ƙoshi. Haka Amurkawa suke ƙin tayi cikin ladabi, kuma yaranmu sun kwaso daga fina-finai da waya. ’Yan’uwanmu na Nijar ma sun san irinta, domin “c’est bon” ta Faransanci takan zama “ya yi daɗi”, takan kuma zama “ya isa haka”. Kowa a ɗakin ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba, saboda na taɓa yin irin fassarar da ƙanwata ta yi, kuma tawa ba da wasa na yi ta ba.

Na shekara ashirin da wani abu ina koyar da Turanci a sakandare. Idan aka tara duk “good” ɗin da na rubuta da jan biro a littattafan ɗalibai, za su cika buhu. Kai ma mai karatu, ko ba ka yi nisa a boko ba, ka san kalmar. Tana cikin gaisuwar farko da aka koya maka a aji ɗaya, kuna miƙewa tsaye kuna jan ta kamar waƙa. Tana kan takardar sakamakon WAEC, inda A1 take “Excellent”, B2 take “Very Good”, B3 kuma “Good”. Don mun saba da ita, sai muka ɗauka mun san ta. Ni kaina sai da ta sare ni na koma na dube ta da kyau.

Tsohuwar kalma ce ƙwarai. Tana cikin Turancin da ake yi a Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ’yan’uwanta suna nan a harsunan maƙwabta: Jamusawa suna cewa “gut”, mutanen Holan suna cewa “goed”. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da wata tsohuwar saiwa mai ma’anar haɗuwa ko dacewa, saiwar da ta haifi “gather” da “together”, wato tarawa da kasancewa tare. Ke nan tun fil’azal abin da take nunawa shi ne abu ya dace da gurbinsa, kamar murfi da tukunyarsa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗalibaina da yawa sun ɗauka ita da “God” uwa ɗaya uba ɗaya suke, tunda harafi guda ne ya raba su. Masana sun ce kama ce kawai, asalinsu daban. Inda suka cakuɗe shi ne a “goodbye”. Asalinta addu’a ce, “God be with you”, Allah ya kasance tare da kai. Baki ya yi ta tauna ta tun ƙarni na 16 har ta gajarce, ta kuma ari kamannin “good day” da “good night”. Saboda haka Baturen da ya yi maka sallama da ita, “Allah ya kiyaye” ya ce maka, ko da shi kansa bai sani ba. Haka “Good Friday” ta maƙwabtanmu Kirista: a nan tsohuwar ma’ana ce ta tsarki ta tsaya a cikinta, shi ya sa ranar juyayi take ɗauke da wannan suna.

Daga nan kalmar ta bazu kamar kabewa. Dubi ƙofar gingimari a hanyar Kano zuwa Legas, za ka ga an rubuta “Goods Only”. Ba a ce mutanen kirki kaɗai za su hau ba. Kaya ake nufi, buhunan albasa da wake, ko da yake sau da yawa za ka hangi mutum goma sha a saman kayan. Idan aka ce wani ya tafi “for good”, ya tafi ke nan ba dawowa. Wata ɗalibata ta taɓa fassara min ita da “ya tafi neman alheri”, kuma har yau ina ganin fassararta ta fi ta Turawan tausayi. “A good beating” dukan kawo wuƙa ne. “A good two hours” awa biyu ce cur, har da ɗoriya. Sannan ƙananan kalmomin da ke biye da ita suna juya ta yadda suka ga dama: “good at” gwaninta ce, “good for” amfani ne, “good to” kyautatawa ce, “good with” iya tafiyar da abu ne ko iya zama da wani. Mutum zai iya samun ta farko ya rasa ta uku, kuma babu ƙaryar da aka yi idan an kira shi “good”.

Wani Bature masanin falsafa, Peter Geach, ya rubuta gajeriyar maƙala a 1956 mai suna “Good and Evil”, inda ya nuna abin da ya kamata a ce na koya wa ɗalibaina tun a aji ɗaya. Ya ce siffofi iri biyu ne. Akwai irin “ja”: jar mota ja ce, ko ka kira ta mota, ko abin hawa, ko tarin ƙarfe. Akwai kuma irin “babba”: babban ɓera ba babbar dabba ba ce, ƙaramar giwa ta ninka shi sau dubbai. Ba ka sanin abin da “babba” take nufi sai ka san babban mene ne. A ganinsa “good” tana cikin kashi na biyu. Idan wuƙa ce, kaifi ake nufi. Idan katifa ce, laushi. Idan ɓarawo ne, to ya iya sata, Allah ya raba mu da shi. Kalmar ba ta tsayawa da ƙafarta, sai ta jingina da wani suna, kuma daga sunan take samun ma’ana. Ga murfi da tukunyar nan sun dawo: murfin da ya dace da wannan tukunya ba lallai ya rufe waccan ba.

Yanzu dubi yadda Bahaushe ya raba wannan gado. Tuwo daɗi yake yi. Atamfa kyau take yi. Magani amfani yake yi, ko a ce yana da kyau idan ya karɓi mutum. Jiki lafiya yake samu. Tela iya ɗinki yake yi, a kira shi gwani. Abin da ka yi wa wani na taimako alheri ne, kalmar da muka aro daga Larabci. Sai mutum, shi ne ake cewa yana da kirki, ko nagari ne. Babu matar da za ta ce tela mutumin kirki ne don kawai ya iya yanka riga. Duk mun san telan da hannunsa ke zuba zinariya, amma ranar jajibirin Sallah sai ka tarar da shagonsa a kulle, wayarsa a kashe, atamfarka ko almakashi bai taɓa ta ba. Muna da “kyan ɗan maciji” tun kafin boko ya zo, don kada a rikita kyau da hali.

Kada in cika baki, mu ma kalmominmu suna miƙewa. Manomi yakan ce bana ba a yi ruwan kirki ba. Magidanci yakan ce ba shi da kuɗin kirki. Yaro yakan ci duka mai kyau. Amma idan dattijo ya tambaye ka halin wani, ka buɗe baki ka ce “mutumin kirki ne”, babu wata kwana a ciki. Shaida ka bayar, kuma kai da shi kun san nauyinta.

To ga inda na faɗi.

Shekara uku da suka wuce wani ya fito neman auren ’yar yayata. Yana aiki a wani kamfani a Abuja. An binciki asalinsa a garinsu, aka ce gidan mutunci ne, babu abin kunya. Saura shi kansa. A da, abin da ake yi shi ne a tashi dattijo ya je unguwar da mutum yake zaune, ya zauna da mai unguwa, ya ga limamin masallacinsu, ya tsaya wurin mai shago da mai shayi, ya ji ta bakin waɗanda suke ganinsa da safe kafin ya wanke fuska. Amma wannan bawan Allah yana zaune ne a irin rukunin gidajen nan masu get da mai gadi, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Sai aka tuna ɗan yayanmu namiji yana aiki a gini ɗaya da shi. Aka ce ni ce ’yar boko, ni zan tambaye shi.

Na tura masa saƙo ta WhatsApp, da Turanci, don da shi muka saba hira. Bayan minti kaɗan amsa ta shigo, kalma huɗu: “He’s a good guy.” Muna zaune a ɗakin Hajiya, ga yayata, ga Kawu a bakin ƙofa yana jan carbi. Kawu ya ce, “Me yaron ya ce?” Na ce, “Kawu, ya ce mutumin kirki ne.” Kawu ya shafa fuska ya ce, “Alhamdu lillahi. Tunda namu ya shaide shi, magana ta ƙare.”

Auren ya yi wata goma sha huɗu. Zan yi masa adalci: bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma bai bar ta da yunwa ba. Abin da yake yi shi ne gaba. Ƙaramin saɓani, sai ya ɗauke mata wuta mako biyu, mako uku, suna gida ɗaya, ta gaishe shi ya wuce kamar bango ne ya yi magana. Idan ya yi baƙi, ita ce abin ba’arsa, daga girkinta har Turancinta. Yakan karɓe wayarta ya kulle a mota idan ya ga dama. A waje kuwa ba a taɓa zama cin abinci da shi wani ya biya ba. Inuwar giginya, na nesa ka sha.

Duk tsawon wannan lokaci ina kiranta kusan kowane mako. “Yaya kike?” “I’m good, Anti.” Uwarta ta kira, “Lafiya lau, Mama.” Sai ranar da yayata ta je Abuja ganin likita ta biya gidan ba tare da sanarwa ba. Ta tarar da ’yarta ta rame har zobe yana zamewa daga yatsarta, ga kalanda a bangon kicin da ɗigo-ɗigon biro a kai. Ta tambaye ta na mene ne. Ta ce kwanakin da bai yi mata magana ba take ƙirgawa. Ranar ɗigo na goma sha tara ne.

Bayan ƙura ta lafa na kira ɗan yayan namu, raina a ɓace, na ce, “Kai ne fa ka shaide shi.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Goggo, ni a ofis na san shi. Ba ya makara, ya iya aikinsa, ba ya kai ƙarar kowa wurin oga, idan muka fita shi ke biya. Abin da na gani ke nan, shi na faɗa. Wallahi da da Hausa kika tambaye ni ko mutumin kirki ne, da na ce miki ban sani ba, don ban taɓa shiga gidansa ba.”

Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Yaron bai yi ƙarya ba. “Good guy” a bakin samari abokin da ba ya takura maka ne, wanda zama da shi ke da daɗi. Ni ce na ɗauki kalma mai nauyin auduga na sauke ta a gaban Kawu da nauyin dutse. Malamar Turanci guda, wadda ta shekara ashirin tana cire wa yara maki saboda sun rikita “good at” da “good to”.

’Yar’uwarta “nice” ma haka take, kuma ita ce ta fi yawo a bakin ’yan matanmu idan suna ba da labarin saurayi. Asalinta kalmar Latin ce, “nescius”, wanda bai sani ba. Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci wajen shekara ta 1300 da ma’anar wawa ko sakarai, ta yi ɗaruruwan shekaru tana sauya riga kafin ta zama mai daɗin sha’ani. Idan yarinya ta ce min saurayinta “nice” ne, nakan tuna asalin kalmar, in ce a raina akwai dai wanda bai sani ba a cikin zancen nan, kuma ba lallai saurayin ba ne.

Na san wani mai karatu zai ce, Malama, kin ɗora wa kalma laifin da ba nata ba. Halin mutumin ne ya kashe auren, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yarda da duka biyun. Mai yiwuwa ko da na fassara daidai a ɗaura auren, domin yarinyar tana son sa. Amma da na ce, “Kawu, ya ce abokin aiki ne mai daɗin zama,” da Kawu bai ce magana ta ƙare ba. Da ya ce, “To, a gida fa?” Wannan tambayar ce na toshe da bakina, kuma ita ce rabona a cikin abin da ya faru.

Akwai kuma rabon da ya fi wannan tsufa, wanda ya shafe mu duka a gidan. Me ya sa yarinya za ta yi wata goma sha huɗu tana cewa lafiya lau? Da na tambaye ta, amsar da ta ba ni ita ce, “Anti, tun ina ƙarama kowa yana cewa ni ce ba ni da matsala a gidan nan. Ban san ta inda zan fara zama matsala ba.”

Gaskiya ta faɗa. Ita ce “good girl” ɗin gidanmu. Na zauna na tuna lokutan da muke ce mata haka: idan ta yi shiru manya suna magana, idan ta cinye abincin da ba ta so, idan ɗan baƙi ya ƙwace mata ’yar tsana ba ta yi kuka ba, idan wani ya tsokane ta ba ta kawo ƙara ba. Ƙanenta kuwa yana samun “good boy” ne idan ya ci jarrabawa ko ya zura ƙwallo. Kalma ɗaya, amma shi ana biyansa da ita idan ya yi wani abu, ita kuma idan ta haɗiye wani abu. Ke uwa, ki saurari kanki na kwana biyu kacal, ki ga a kan me kike furta ta, kuma ga wa.

Masana halayyar yara sun taɓa gwada wannan. A 1999 Melissa Kamins da Carol Dweck, a Jami’ar Columbia ta Amurka, sun wallafa binciken da suka yi da ƙananan yara ’yan ajin share fage. An yi wasan kwaikwayo da ’yan tsana, inda malama take yaba wa yaro bayan ya yi aiki. Wasu an yabe su a kan su kansu, irin “kai yaron kirki ne”, wasu kuma an yabi hanyar da suka bi ko ƙoƙarin da suka yi. Daga baya aka kawo wasan da yaron ya yi kuskure a ciki. Waɗanda aka yaba a kan su kansu sun fi saurin karaya, sun fi ganin kansu a matsayin marasa kirki, sun fi janyewa daga sake gwadawa. Dalilin a fili yake. Idan nasara ce ta mai da ni “good”, to kuskure zai mai da ni kishiyarta, saboda haka gara in ɓoye kuskuren. Yarinyarmu ba aurenta kaɗai take karewa ba da take cewa lafiya lau. Sunan da muka raɗa mata take karewa.

Kuma kada mu laɓe a bayan Turanci. “Yarinyar kirki, ba ta da hayaniya” da Hausa muke faɗarta. “Ki yi haƙuri, ki yi ta haƙuri” da Hausa ake raka amarya da ita. Turancin ya zo ne ya tarar da rami a haƙe, ya ba mu murfi mai sauƙin ɗauka.

Abin mamaki, wanda ya fi taimaka min wajen warware wannan ƙulli Bature ne. Anthony Kirk-Greene ya yi aikin mulki a lardin Adamawa zamanin Turawa, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Jami’ar Oxford. A 1973 ya gabatar da lacca a Jami’ar Indiana ta Amurka a kan mutumin kirki a tunanin Bahaushe, aka buga ta a 1974. Da ya tashi bayyana wa Turawa ’yan’uwansa abin da muke nufi, kalmarsu guda ba ta ishe shi ba, sai da ya jero namu guda goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da ni aka tambaya da na ƙara tausayi, amma ko a haka jerin ya isa awo.

Ɗora surukin namu na da a kan wannan sikeli. Karamci yana da shi, har ya yi yawa, amma a waje. Ladabi ga manya, ba a magana. Har ƙasa yake durƙusa wa Kawu. Mutunci, wato kiyaye darajar ɗan’adam, ya tsaya a bakin ƙofar gidansa bai shiga ba. Amana da adalci kuwa, wadda aka damƙa masa ce kaɗai za ta iya ba da labari. Ɗan yayanmu biyu ko uku ya gani daga cikin goma, kuma ba zai iya ganin sauran daga teburin ofis ba. Ɗora yarinyar ita ma. Haƙuri, kunya, ladabi, mun cika mata su har suna zuba. Gaskiya fa, wadda ita ce ta farko a jerin? Ba ta yin ƙarya, amma ba mu taɓa yaba mata ba don ta faɗi abin da ba ma son ji. Ban tuna ranar da ta ce “ba na so” wani ya ce mata ta kyauta ba.

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai shaidi wani mutum, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya amsa babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Na san wannan labari tun ina Islamiyya. Ranar da ya kamata in tuna shi, waya ce a hannuna, kuma kalma huɗu sun yi min daɗin karantawa.

Bana ƙanwarta ce ta samu manemi, wani ɗan Kaduna, kuma aka sake cewa ni zan bincika. Na ce na ji, amma ba da rubutu ba, ba kuma da Turanci ba. Mutum huɗu na kira da murya. Kowanne na fara da tambayarsa a ina ya san shi, kuma tun yaushe. Na tambayi ko kuɗi sun taɓa shiga tsakaninsu, wa ya bi wani, kuma yaya aka rabu. Na tambayi wanda ya taɓa ganin fushinsa, da abin da yake yi idan ya yi fushin, faɗa ko gaba, da kwana nawa yake ɗauka kafin ya sauko. Na tambayi yadda yake magana da mahaifiyarsa, da ƙannensa mata, da yaron da ke wanke masa mota. Ɗaya daga cikinsu, wani ma’aikacin banki, ya fara da “Ah, Hajiya, he’s very good,” na ce, “Ɗana, faɗa min da Hausa.” Ya yi dariya, ya yi jim, sannan ya ce, “Gaskiya yana da cika alkawari, na ranta masa kuɗi sau biyu ya biya kafin lokaci. Amma yana da saurin fushi, sai dai ba ya kwana da shi. Zamansa da iyali kuwa ban sani ba.” Na yi masa godiya har sau uku, kuma a kan “ban sani ba” ɗin nan na fi gode masa. Abin da ya faɗa na kai wa Kawu, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba. Kawu ya tashi mutum zuwa Kaduna ya kwana biyu a unguwarsu.

A gida ma na sauya baki da jikokina, ko da yake da wuya, don harshe ya riga ya saba. Idan yarinya ta kawo min canjin da mai shago ya yi kuskuren ƙara mata, nakan ce ta riƙe amana. Idan yaro ya sake lissafin da ya faɗi har ya samu, nakan ce ya yi naci. Rannan ƙaramar ta ce min miyata ta yi gishiri, uwarta ta zare mata ido, na ce a ƙyale ta, ta faɗi gaskiya, kuma miyar ta yi gishirin. Ga ’yan’uwana malamai kuma, na san dalilin da ya sa muke rubuta kalmar nan: littafi saba’in ne a gabanka, ga dare ya yi, ga babu wuta. Ni ma don gajiya na riƙa rubuta ta. Amma ko a littafi biyar daga cikin saba’in ka rubuta abin da yaron ya yi daidai, gobe ka ɗauki wasu biyar.

Ita kuwa ’yar yayar tawa tana gida, ta gama idda tuntuni, ta koma karatun da ta ajiye. Zoben ya daina zamewa. Ranar Talatar da ta wuce na kira ta da daddare na ce, “Yaya kike?” Ta fara, “I’m g…” sai ta tsaya. Na ji ta yi ’yar dariya a can. Ta ce, “Anti, yau dai babu daɗi. Na ga hotonsa a wayar wata, ya yi sabon aure. Amma na ci abinci.” Na gyara zama na ce ta ba ni labari tun daga farko, muka yi ta magana har katin wayata ya ƙare, ita ta sake kira.